Littafin matan aure anka ba ɗiyata kyauta a makaranta, ya zan yi?

Maman Yara (Gusau):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nike nema, ku yi haƙuri zancen zai yi tsawo, tun ranar Talata abin nan ke cina ko barcin kirki ban yi ba kuma na kasa faɗa ma kowa a gida.

Ɗiyata ta fari shekararta 11, tana aji biyar a wata makarantar kuɗi nan cikin Gusau irin masu haɗa boko da islamiyya, ba zan faɗi suna ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Ranar Asabar da ta wuce anka yi bikin rufe makaranta da raba kyaututtuka, ita ta zo ta biyu a ajinsu, anka kira ta gaban iyaye anka miƙa mata kyauta naɗe cikin takardar nan mai ƙyalli. Wallahi ranar har ƙwalla na yi don murna, na ɗauki hoto na tura ma dangi ana ta sa albarka. Da munka dawo gida ta warware, akwai gwangwanin kayan lissafi da littattafai ukku, ƙaramin littafin azkar, da na tatsuniyoyi mai hoton gizo da ƙoƙi, sai na ukkun mai bango ruwan hoda da zanen fure, sunan da ke jiki ma sunan mace ne kawai ba abin da zai sa ka zargi komai. Na karɓa na juya shi gaba da baya na ce Allah ya yi albarka na miƙa mata. Ban buɗe ba. Wannan shi ya fi ƙona min rai, ta hannuna ya bi ya wuce.

Yarinyar nan Allah ya ɗora mata son karatu, ko takardar da anka ƙunso ƙosai ciki sai ta warware ta karanta kafin ta yar, don haka da na gan ta kwana biyu kwance bisa tabarma da littafi ni daɗi ma na ji, na ce gara wannan da yawon maƙwabta tunda an yi hutu. Ranar Talata da marece ina tuƙa tuwo ta zo bakin madafa ta tsaya ta ce Mama mi ake nufi da kaza, ta faɗi wata kalma wadda ni da girmana ban taɓa furta ta gaban mutane ba. Muciyar sai da ta kusa suɓuce min. Na ce ina kika ji wannan, ta ce cikin littafina na makaranta, ta ruga ta ɗauko da murnarta. Ta lanƙwasa kusurwar shafi na 62 inda ta tsaya. Jama'a daren farko ne na ango da amarya anka rubuta shi filla-filla ba sakaye ba kunya, na koma baya na ga tun wajen shafi na 40 anka fara, na duba gaba na ga har haɗe-haɗen kayan mata da yadda ake amfani da su. Sai daga baya na lura a shafin farko can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta wai na matan aure ne kawai.

Ban san sadda na daka mata tsawa ba, na fizge littafin na ce in na ƙara jin kalmar nan a bakinta sai na fasa shi. Ban doke ta ba amma ta yi kuka sosai, tana ta cewa Mama ai malaminmu ya ba ni. Tun ranar ba ta ƙara taɓa ko na tatsuniyoyin ba, in na shigo ɗaki sai ta sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata, jiya ma ƙanenta ya ce ta karanta mai labarin gizo ta ce ita ta daina karatu.

Abbansu yana wajen aiki sai Juma'a zai dawo, mutum ne mai zafi, ina tsoron in ya ji ya cire ta daga makarantar ko ya hana littafin Hausa shiga gidan gaba ɗaya. To in faɗa mai ko in rufe? In je makarantar ko in ƙona littafin in yi shiru? Kuma ita yarinyar mi zan ce mata, ga shi 'yar fari ce ko sunanta ba na kamawa balle in zauna da ita kan irin wanga zance. Littafin yana nan ƙasan akwatina na kulle.

Malamin Firamare (Birnin Kebbi):

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya. Shekarata 17 ina koyarwa, makarantar gwamnati da ta kuɗi duk na yi, bari in gaya miki yadda kyautar nan ke zuwa hannun yara don ki san ta inda za ki bi, ba wai ina kare su ba ne, kuskure sun yi shi kuma babba.

Mai makaranta ba ya sakin kuɗin kyauta sai saura kwana biyu biki, lokacin kuma kowane malami kansa ya ɗau zafi da makin jarabawa da cike katin sakamako, sai a nemo wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ba shi kuɗi da takarda a ce je kasuwa ka sayo littattafai talatin. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ake turawa, wani daga kudu ya zo ko gaisuwar Hausa bai gama iyawa ba balle ya karanta, ya je ya ce ma mai shago a ba shi littattafan Hausa masu sauƙin kuɗi, mai shago ya kwaso mai abin da ya daɗe a kanta ya yi ƙura. A kawo da dare a zauna a naɗe cikin takarda mai ƙyalli a liƙa sunan yaro, daga nan ba mai ƙara ganin ciki sai yaron. Na sha zama wajen naɗin nan, gaskiya sau nawa ne muka buɗe littafi muka karanta ko shafi biyar, ba mu yi, bango muke kallo da kauri, wanda ya zo na ɗaya a ba shi mai kauri.

Abin da nake so ki gane shi ne ba ɗaya ake saye ba. In ɗiyarki ta samu, to akwai wasu yaran da sunka samu irinsa ko ma shi kansa, kuma yanzu hutu ne suna gida wuni guda da littafin, wata ta gama ta ara ma ƙawarta. Ke Allah ya taimake ki taki ta zo ta tambaya, wata ba za ta tambaya ba. Don haka batun ki ƙona ki yi shiru ki aje shi gefe. Gobe da safe ki sa littafin cikin jaka ki je, ko an yi hutu satin farko akwai mutane a ofis, ki nemi shugaban makarantar ku shiga daga ke sai shi ko ita, ki buɗe shafin ki aje gabansa ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce a ɗauko takardar sunayen waɗanda anka ba kyauta a kira iyayensu ɗaya bayan ɗaya yau ɗin nan a karɓo.

Roƙona ɗaya, kar ki fara sa hoton littafin a guruf ɗin iyaye na WhatsApp. Kowa ya ga yaran da anka kira gaba ranar biki, kina sawa za a fara lissafin 'yar wane da 'yar wane sun karanta, kuma kin san bakin mutane, yarinya 'yar shekara 11 a liƙa mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. In makarantar ta yi miki taurin kai, sannan sai ki nemi shugaban ƙungiyar iyaye da malamai.

Ɗan Mafara:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban ga abin lallashi ba a nan. Makarantar da ke cewa tana koyar da Alƙur'ani ita ce za ta miƙa ma yarinya batsa da hannunta gaban iyaye ana tafi? Ki gaya ma mijinki yau ɗin nan ta waya ba sai Juma'a ba, haƙƙinsa ne ya sani shi ne uba, a ɗauki littafin a kai ma Hisba su bi sawun mai shagon da ya sayar. Nan Zamfara ce, mu munka fara ƙaddamar da shari'a tun 1999 lokacin Yariman Bakura, abin kunya ne a ce irin wannan kaya na kan kanta a kasuwar Gusau ana sayarwa kamar littafin lissafi.

Kuma in gaya miki gaskiya 'yar uwa, littattafan soyayyar nan gaba ɗaya ba alheri cikinsu. A Kano ma ai sai da gwamnatin Malam Shekarau ta tara su ta cinna musu wuta a 2007 ƙarƙashin A Daidaita Sahu, ba don komai ba sai don abin da suke yi ma 'yan mata 'yan makaranta. Ni gidana littafin labari na Hausa ba ya kwana, yarana Alƙur'ani da littafin makaranta, shi ke nan. Tsawar da kika yi mata daidai ne, gobe ko a hanya ta ga irinsa za ta kauce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai Shagon Littattafai (Jega):

Ɗan Mafara na ji zafinka kuma ban ga laifinka ba, amma bari mu da ke cikin sana'ar mu ce wani abu. Littattafai nike sayarwa tun ina yaron shago, daga Kano muke saro kaya, na addini da na makaranta da na labarai.

Da farko mai shagon da ya ba da littafin nan yana da nasa kason na laifi ko da bai sani ba. Ni ƙa'idata in mutum ya ce min na yara yake so, ko in ga yaro ne anka aiko, ba na ba da littafin da ban san cikinsa ba. Irin waɗancan ma da ake rubuta na matan aure ne ƙarƙashin kanta nike aje su, sai babbar mace ta zo ta ambace shi da suna. Amma gaskiyar magana mafi yawanmu dila muke saye a ɗaure, ba wanda ke zama ya karanta littafi ɗari biyu, kuma bango ba ya nuna komai, masu ɗab'i hoton fure ko na wata mata da lulluɓi suke sa ma kowane iri, da mai tarbiyya da mara kunya duk kamarsu ɗaya. Mu ba mu da tsarin nan na rubuta shekarun mai karatu ɓaro-ɓaro a bango, in ma an yi gargaɗin sai a ɓoye shi ciki da ƙananan baƙaƙe kamar yadda Hajiya ta gani.

Amma a ce duk littafin Hausa ba alheri, a'a Malam. Tun wajen 1980 da wani abu da littattafan nan sunka fara fitowa daga Kano, mata nawa ne a ƙasar nan sunka iya karatun boko ta dalilinsu, waɗanda ko firamare ba su gama ba? Akwai masu zuwa shagona da sunka koyi haɗa baƙi don kawai su daina jiran wata ta karanta musu. Kuma da yawan littattafan kan auren dole ne da zaman kishiyoyi da riƙon maraya da karatun 'ya mace, ba batsa ko ɗigo. Ƙonawar da ka ambata ta 2007 an yi ta, kuma hukumar tace fina-finai ta Kano da anka kafa a 2001 ta zo daga baya ta ce marubuta ma su yi rajista a riƙa duba littafi kafin ya shiga kasuwa. To mi ya biyo baya? Waya ta zo. Yau kasuwar littafin takarda ta faɗi warwas, shi ya sa ma tsohon kaya ke kwance a shaguna ana neman wanda za a tura ma da araha, irin wanda anka tura ma makarantar nan. Masu rubutun banzan kuwa sun koma WhatsApp da Telegram da Wattpad, ba mai tacewa ba mai dubawa, a tura 'yan ɗaruruwa ta banki a jefa mace cikin guruf, kullum shafi na sauka, wasu kuma a karanta su da murya a YouTube. Abin da ke cikin waɗancan, wallahi na takarda wasa ne.

Don haka Hajiya ki kai ƙara makaranta kamar yadda Malam ya ce, kuma ki sa su gaya miki shagon, a je a same shi da dattaku ya janye sauran. In ya ƙi ji to hukuma na nan, ban hana ba. Amma kar a kashe ma yarinyar son karatu, yaran da ke shigowa shagona da kuɗin tararsu su ce littafi suke so yanzu ana iya ƙirga su da yatsu. Akwai littattafan da munka karanta a firamare na kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya, har gobe ana samunsu, akwai tarihin annabawa da sahabbai da anka rubuta don yara, akwai na tatsuniyoyi da kacici-kacici da karin magana. Ki saya, amma ke ma ki buɗe farko da tsakiya da ƙarshe kafin ki ba ta, minti goma ya isa.

'Yar Ƙaura:

Anti ni ta ɓangaren yarinyar zan yi magana don abin ya taɓa faruwa da ni. Ina shekara 12 ƙanwar babana ta zo wankan gida ta bar jakar littattafanta, da za ta koma ta ce in ɗauka na yara ne ciki, ashe akwai wani da ya shige tsakani. Innata ta kama ni da shi ta zane ni da bulalar doki har na kwana biyu ban zauna daidai ba, ba wanda ya tambaye ni ina na samu, ba wanda ya ce min ga abin da ya sa. Abin da na koya ranar shi ne in na ga abu in ɓoye. Daga nan har na fara al'ada wata huɗu ina ɓoyewa ina wanke tsumma da dare, don na riga na sa a raina duk abin da ya shafi jiki in na faɗa duka ne. Ɗan Mafara ka yi haƙuri, tsawa ba ta sa yaro ya kauce, tana sa shi ya daina tambayarka ne ya koma tambayar ƙawaye.

Sannan Anti ki duba wayarki. Yawancinmu muna cikin guruf na littattafai ko na gyaran jiki ko na 'yan ajinmu da ake turo komai, kuma in ba ki kashe saukar da kaya da kansa ba a WhatsApp duk abin da anka turo yana faɗawa cikin wayar, sai ki miƙa ma yaro ya yi gem ko ya kalli katun ki tafi wanke-wanke. Haka katin memori da ake kai ma masu turi a kasuwa a ce a sa ma yara fim, ba ki san mi ya rage ciki ba daga na wani. Ba ina cewa haka kike ba, ina tuna mana ne mu duka.

Gwaggon Yara (Argungu):

Ɗiyata Maman Yara, zo nan ki ji. Na haifi tara na aurar da mata biyar, kuma shekara da shekaru ina karantar da matan aure da 'yan mata a islamiyyar unguwarmu, to ki saurare ni.

Batun makaranta Malam ya gama shi. Batun mijinki, ki faɗa mai, aure ba ya son irin wanga ɓoyo, in ya ji a bakin wani uban ya fi muni. Amma ba ta waya ba. Ki bari ya dawo ya yi wanka ya ci tuwo ya huta, kuma ya kasance kin riga kin je makarantar, sai ki ba shi labari da abin da kika riga kika yi a kai. Namiji in anka kawo mai wuta tana ci sai ya tashi da gudu, in anka ce mai ga wutar da ta tashi ga yadda anka kashe ta, sai ya yi tunani. Kuma tun farkon magana ki ce mai yarinya ba ta da laifi, ita ta kawo littafin da kanta.

Yanzu ga babban aikin. Yarinyar nan a ranta abu ɗaya ta sani, ta yi ƙoƙari ta zo ta biyu, malaminta ya ba ta kyauta, uwarta ta sa albarka, ta karanta ta ga abin da ba ta gane ba ta zo wajen uwarta, uwar ta yi mata tsawa. Ki duba da kyau, a duk cikin mutanen nan ita kaɗai ce ta yi abin da ya kamata. To dole a gaya mata haka da baki, kar ki ce ai za ta manta. Ki kira ta sadda ƙannenta sunka yi barci, ki ce mata ran nan ba da ke nike faɗa ba, tsorata na yi, littafin nan na manya ne masu aure anka yi kuskure anka ba ki, kuma kin kyauta da kika tambaye ni, ko gobe kika ga abin da ba ki gane ba ni za ki fara kawo ma. Ba ƙasƙanci ba ne uwa ta faɗi haka. Kar ki tsare ta da mi kika karanta, mi kika gane, kar ki sa ta maimaita. In ta tambayi kalmar ki ce magana ce ta tsakanin miji da mata, ba a faɗinta cikin mutane, in lokacinki ya yi za a yi miki bayani da kyau. Wannan ya ishe ta yanzu.

Na san kunyar ɗan fari, ni ma har yau ban kama sunan nawa ba ga shi da furfura. Al'ada ce mai kyau amma ai iyayenmu da sunka yi ta ba su bar yaro haka nan ba, akwai gwaggo akwai inna akwai kaka, su ke zama da yarinya su gaya mata abin da uwa ba ta iyawa. Yanzu kowa ya shige gidansa ya ja ƙyaure, kunyar tana nan amma gwaggon ba ta nan. In bakinki ya yi nauyi ki nemi ƙanwarki ko yayar babanta wadda kika yarda da hankalinta ta ɗauki ɓangaren bayanin girma, amma ban haƙurin nan ke za ki yi shi don ke kika yi tsawar.

Kuma shekara 11 ai lokaci ya yi ko ba littafin nan. Addininmu bai ɓoye waɗannan abubuwa ba, duk wanda ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya san akwai babin haila da janaba da abin da ke wajabta wanka, kuma yara ke karanta su gaban malam, sai dai da ladabi ake faɗi, gwargwadon abin da yaro ke buƙata don ya gyara sallarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a umurci yara da salla suna shekara bakwai, a goma kuma a raba musu shimfiɗa. Cikin Suratun Nur aya ta 58 Allah ya ce yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shigo ma manya a lokuta ukku, kafin sallar asuba, da tsakar rana sadda ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Kin ga an san yaro na da ido, mu manya anka ɗora ma tsare abin da zai gani. Ki fara mata da tsarki da haila a hankali kafin ta same ta ba shiri kamar yadda 'Yar Ƙaura ta faɗa, labarinta ya taɓa ni ƙwarai.

Ɗan Mafara ɗana, kishinka mai kyau ne Allah ya biya ka, amma iccen da kake cewa a tanƙwara, in anka matsa mai da ƙarfi karyewa yake.

Ɗan Mafara:

Gwaggo na ji kuma na gode, batun yarinya na janye tunda ba ita ta nemo ba. Amma batun mai shago ina nan kan bakana, a bi shi.

Maman Yara (Gusau):

Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu, Gwaggo naki kam ina karantawa ina kuka.

Na je makarantar jiya Alhamis da safe. Shugabar na nan, na aje mata littafin a buɗe, ta karanta layi kamar huɗu ta rufe ta dafe kai tana salati, ta daɗe ba ta ce komai ba. Kamar yadda Malam ya faɗa, wani sabon malami anka tura kasuwa ranar jajibiri, shi Bahaushe ne ma amma ya rantse bai buɗe ko ɗaya ba. Anka ɗauko takardar sunaye, ashe guda shida anka sayo na littafin, duka 'yan mata anka ba saboda bangon ruwan hoda ne, ɗaya ma 'yar aji ukku. Gabana ta fara kiran iyaye. Kafin azahar an dawo da ukku, da nawa huɗu, biyu daga ciki ba a ko buɗe su ba alhamdulillah. Ɗaya lambar uban ba ta shiga, ɗaya kuma yarinyar ta tafi hutu wajen kakarta Bunguɗu da littafin cikin jakarta, uwar ta ce za ta aika a karɓo. Shugabar ta ce ita da kanta za ta je wajen mai shagon, kuma daga yanzu ba littafin da za a naɗe sai malamai biyu sun karanta sun sa hannu.

Daren jiya na yi magana da yarinyar. Wallahi ya yi min nauyi, kaina na ƙasa ina tsifar kanta don kar mu haɗa ido, a haka na faɗi abin da Gwaggo ta ce. Ta yi shiru can ta ce Mama to za a karɓe min na biyun da na zo ne? Ashe abin da ke ranta ke nan kwana ukku. Na ce ba mai karɓe miki, kuma za a sauya miki wani littafin. Yayar babansu za ta zo ranar Lahadi, na yi mata bayani ta ce in bar mata sauran.

Abbansu ya iso ɗazu, yana masallaci, sai bayan isha'i zan gaya mai, ku taya ni da addu'a. Wayata ma na zauna na share abubuwa na fita daga guruf biyu.

Mai Shagon Littattafai dan Allah in ba damuwa ka rubuto min sunayen kamar guda biyar da ka san cikinsu, waɗanda sunka dace da 'yar shekara 11 mai saurin karatu, gobe Asabar nike so in shiga kasuwa da ita.